Kwalba ta Ƙarshe a Danau Kota

Ni tela ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na ƙarasa, saboda haka wanda ya zo neman ƙawa a rubutun nan ya yi haƙuri. Shekara uku na yi a Kuala Lumpur. Abin da na dawo da shi gida keken ɗinki ne guda ɗaya, da ciwon baya, da wata kwalba da babu komai a cikinta. Labarin kwalbar nake son bayarwa, domin a kanta na zalunci wani bawan Allah.

Zangona na farko unguwar Wangsa Maju ce. Ejan da ya yi mini hanya daga Zariya ya ce makarantar koyon ɗinkin zamani ce, akwai wurin kwana, akwai aiki a gefe. Da na iso na tarar makarantar ɗaki biyu ce a saman wani shagon gyaran taya, wurin kwanan kuma falon wasu samari ne, mu shida a kan katifa uku. Takardar zamana ta ɗalibi ce, ba ta ba ni izinin aiki ba, ni kuwa dole in ci abinci. Na sami wani mai shagon ɗinki a layin Masjid India, ya ajiye ni a ɗakin baya inda babu taga. Daga ranar na koyi tafiya irin ta marar gaskiya. In na hango ɗan sanda a tashar jirgi, sai in juya baya ina duba waya har ya wuce. Da wannan tsoron nake kwana, da shi nake tashi.

Bayan wata bakwai na haɗu da Bulus a wurin aski. Ɗan Filato ne, yana digiri na biyu, Hausarsa ta fi tawa tsafta. Ya ce akwai ƙaramin ɗaki a gidan da yake haya a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha huɗu. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar China, Anti ake ce mata. Ba ta tambayar takarda. Abu biyu ne kawai ba ta so, hayaniya da 'yan sanda.

"Amma kafin ka amsa," in ji Bulus, "akwai Bature a ɗaki na uku. Ɗan Italiya ne."

Da yamma na ba da labari a mamak, wato shagon shayin da muke taruwa. Sanusi na wurin, ɗan Kano ne da ke karatun dakta a kan kuɗin gwamnati, ni kuma duk abin da ya faɗa ɗauka nake yi, tunda ya fi ni ilimi.

"Italiya?" ya ajiye kofi. "Habibu, ka taɓa ganin Bature yana raba banɗaki da baƙar fata? Wanda ka gani a hawa na sha huɗu a Danau Kota, wani abu ya gudo wa. Ai 'yan Mafiya ne, in ba shi ba to kawunsa."

"Dakta, ka taɓa zuwa ƙasar?" wani ya tambaya.

"Sai na je? Ina kallon ƙwallonsu. Ka ga ihun da suke yi wa baƙaƙen 'yan wasa? Ga yaron unguwarmu da ya tsallaka teku, tumatir yake tsinka musu a gona kamar bawa. Ga faɗa, ga giya, ga bin mata. Ka dai riƙa kulle ƙofa."

Aka yi dariya, aka koma zancen alawus da bai zo ba. Ni ban yi dariya ba. Na shiga gidan nan da mutumin a gama a cikin kaina tun kafin in gan shi.

Sunansa Enzo. Ya kai shekara hamsin, gajere, mai sanƙo da ɗan tumbi, hannayensa duk tabon ƙuna. Gyaran injin dafa kofi yake yi a shaguna, yana yawo da jakar kayan aiki a bayan babur. Ran da na tare ya kama hannuna da hannu biyu, ya dafa mini kumatu kamar ɗansa. Na ja da baya. Sunana ma ya gagare shi, Abibo yake ce mini.

Kullum bayan magariba sai ya kira mahaifiyarsa. Yana tafiya daga falo zuwa kicin, ya haɗe yatsu yana kaɗa su a gaban waya, murya har wajen lif. "Mamma, Mamma," sai ka ce za a yi dambe. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da Inna, na ce wa Bulus mutumin da ke yi wa uwarsa tsawa haka ba zai gama da duniya lafiya ba.

"Hira suke yi, lah," in ji Bulus, da irin ƙarshen maganar 'yan ƙasar. "Tambayarsa take ko ya ci abinci."

Ban yarda ba.

Sai zancen kanta. A gidan hayar da na tashi a Zariya, in gishirinka ya ƙare hannu kake miƙawa kicin ɗin maƙwabta, gobe su ma su miƙo naka. Ni da Bulus haka muke yi, albasa ba ta da mai ita. Shi kuwa Enzo yana da kantarsa daban, ya manna takarda da sunansa. A can sama ya jera kwalabe shida na dafaffen tumatir, kowace da 'yar takarda mai rubutun hannu a jikinta. Wata rana na miƙa hannu kusa da su ina neman ashana, ya ce, "A'a, Abibo, ban da wannan." Na ce a raina ga rowa an ƙara a kan sauran.

Akwai ranar da ya same ni ina kakkarya taliya zan zuba a tukunya, ga manja da yaji a gefe. Ya dafe kai da hannu biyu, ya fita baranda yana magana da sama. Washegari Lahadi ya dawo da sabuwar tukunya da naman sa. Ya nuna mini tambarin halal a jikin ledar, ya nuna mini tukunyar ba a taɓa girki a ciki ba. Ya buɗe kwalba ɗaya, ya yi awa uku a tsaye yana juyawa. Ƙamshin ya cika gidan. Ya zubo a faranti ya kawo har ƙofar ɗakina.

"Makan, Abibo," ya ce, wato "ci" da yaren 'yan ƙasar. "Ka ci ka ga yadda ake yi."

Yunwa nake ji ranar, tun shayin safe ban sa komai a bakina ba. Amma Sanusi ya taɓa ce mini 'yan Italiya ba sa girki sai da giya. Na dafa ƙirji na ce na ƙoshi. A wurinmu wannan magana ce mai sauƙi, babu wanda zai riƙe ka da ita. Shi kuwa ya tsaya da farantin a hannu ya daɗe yana kallona, sannan ya koma kicin ya ci a tsaye. Bai sake yi mini tayi ba.

Haka muka yi kusan shekara, gaisuwa a baki, kowa da kantarsa. Kwalaben suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Sai wata safiya ya fita da ƙaramar jaka, ya yi mako biyu ba a gan shi ba. Da ya dawo ya rame, kuma wayar magariba ta ɗauke ɗif. Gidan ya yi tsit. Allah ya gani, daɗi na ji. Na faɗa a mamak, Sanusi ya ce, "An aike shi aiki ne, ya je ya gama da wani ya dawo." Wannan karon har da ni aka yi dariya. Ban tambayi Enzo inda ya je ba. Kwalba ɗaya ta rage, ya tura ta can ƙuryar kanta.

Azumi ya kama. Duk wanda ya san shagon tela a watan azumi ba sai na yi masa bayani ba. Ina shiga ɗakin bayan nan da safe, ban fita sai idona ya daina ganin ramin allura. Ran Sallah na tashi da kewar gida irin wadda ban taɓa ji ba, na kira Sanusi da wasu mutum huɗu na ce su zo su ci dafa-duka. Bulus ya yi tafiya da mutanen cocinsu, Enzo ya fita aiki. Sai da na soya nama na ga tumatirin da na saya ba zai kai ko'ina ba. Shagon da ke ƙasan benenmu a rufe, masu shi sun tafi ƙauye yin Sallah. Ga ruwa ya tsuge.

Akwai babban kanti a tsallaken titi, a buɗe yake, tafiyar minti goma. Na sani sarai. Na tsaya ina kallon ruwan, na ɗaga kai na kalli kanta. Na ce tumatir ne fa, gobe in sayo masa biyu. Na hau kujera na sauko da kwalbar Enzo.

Ban taɓa yin dafa-duka irin ta ranar ba. Sanusi ya kankare ƙanzo yana cewa in bar ɗinki in buɗe gidan abinci. Kwalbar kuwa na tura ta ƙasan kwandon shara na rufe da ɓawon albasa. Wanda ya ɗauki abu da zuciya ɗaya ba ya ɓoye kwalba, wannan ma na sani.

Washegari da rana ina kwance na ji ƙarar kujera a kicin, sai shiru, sai ƙarar leda. Da na fito na tarar da Enzo a tsaye, kwalbar a hannun hagu, wuƙar da yake yanka albasa da ita a hannun dama.

"Wa ya buɗe?"

"Ban sani ba."

Ya buɗe firji. Sauran shinkafar na nan a roba, ja wur. Ya dube ta, ya dube ni, sai murya ta ɓalle. Yarensu yake yi, ban ji ko kalma ɗaya ba, hannayensa suna tashi suna sauka kamar yadda ya saba, wuƙar tana bin hannun. Bai matso kusa da ni ko taku ɗaya ba. Na ga hawaye a fuskarsa, na ɗauka na fushi ne. Maƙwabta suka fito baranda. Na ji wata mata tana cewa a kira 'yan sanda.

Kalmar nan ita ta gama da ni. Na ga sun shigo, na ga sun ce takarda, na ga sun tambayi inda nake wuni. Na shige ɗaki na murza makulli na kira Anti. Na ce ɗan Italiyan nan ya zaro mini wuƙa a kan kwalbar tumatir. Na ce dama mutane suna faɗin irin aikin da danginsu ke yi. Tsorona na gaskiya ne, sai dai ba Enzo nake tsoro ba.

Anti ta zo kafin la'asar, ta sallami maƙwabta, ta ba Enzo mako biyu ya kwashe kayansa. Bai musa ba. Ya dai kalle ni sau ɗaya ya shiga ɗaki.

Bulus ya dawo bayan kwana biyu. Ya ji daga bakina, ya shiga wurin Enzo ya daɗe, sannan ya zo ya zauna a bakin katifata.

"Habibu, ka san wa ya rubuta takardar da ke jikin kwalbar?"

Na ce a'a.

"Mamansa. Duk shekara in tumatirin lambunta ya nuna, sai ta dafa ta ɗura wa 'ya'yanta, kowa da rabonsa. Tafiyar da ya yi kwanaki, jana'izarta ya je. Waccan ce ta ƙarshe da hannunta ya taɓa. Cewa ya yi ba zai buɗe ba har abada."

"Wallahi ban san ta rasu ba."

"Ba ka tambaya ba. Mutum ya yi shekara yana cika maka kunne da Mamma, rana ɗaya ya yi shiru, kai murna ka yi."

Da ya fita na jawo akwatina. A ƙasan kaya akwai ƙullin yajin da Inna ta daka mini da hannunta, ta naɗe a leda uku. Da ɗan yatsa nake ɗiba, sai ranar da kewa ta yi yawa. Bulus da muke cin tukunya ɗaya bai taɓa sanin ina da shi ba. Enzo a fili ya ajiye nasa ya ce kada a taɓa, ni ɓoye nawa na yi, kuma ni ne nake kiransa marowaci.

Kwana uku ina kauce wa Enzo, in fita kafin ya tashi. A na huɗu na kira Inna, ina neman wanda zai ce mini ba komai. Na ba ta rabin labarin, na cire zancen wuƙa. Ta saurara har na gama.

"Tsaya," ta ce. "Uwarsa ta rasu kuna gida ɗaya?"

"E, Inna."

"Ka yi masa gaisuwa?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Habibu, ka yi masa gaisuwa?"

"Ai ba Musulmi ba ne, Inna, kuma su Turawa..."

"Ba uwa ce ta haife shi ba? Ajiye wayar nan ka je. Kada ka sake kirana sai ka je."

Na fara zuwa wurin Anti, a shagon ɗanta na sayar da kayan lantarki. Na faɗa mata albasa Enzo yake yankawa, bai nufe ni da wuƙa ba, ni na ɗauki abinsa kuma na yi ƙarya. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Na riga na yi wa wata ɗaliba alkawarin ɗaki. Ɗaya daga cikinku zai fita. In kana so ya zauna, boleh, ba laifi, kai ka ba ta naka."

Nan ne wurin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Na tuna falon Wangsa Maju da katifa uku. Na tuna duk wani mai gida da zan je wa sai ya ce in kawo fasfo. Na tsaya ina kallon fankokin da ke rataye a shagon. Anti ta jira, ta jira, sannan ta mai da tabaranta ta ci gaba da abin da take yi. Na ce na gode, na fita.

Da na koma gida na tarar ƙofar Enzo a buɗe, yana ɗaure kwali. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Ya tsaya yana kallona, bai gane ba. Da guntun Turancina na ce masa na ji mahaifiyarsa ta rasu, Allah ya ba shi haƙuri, Allah ya ba 'yan'uwansa haƙuri. Na ce ni na buɗe kwalbar. Na ce na yi masa ƙarya wurin Anti, na je na warware amma ɗakin ya riga ya tafi. Abin da ta ce game da nawa ɗakin ban faɗa masa ba.

Ya zauna a kan kwalin ya daɗe yana murza tabon hannunsa.

"Tashi, Abibo, gwiwarka za ta yi ciwo." Na zauna a ƙasa. "Da ka tare a gidan nan, wata guda ina kwana da jakar kuɗina a ƙarƙashin matashi. Ƙanwata ta ce ɗan Nijeriya ne, ka yi hankali." Ya ɗaga kafaɗa. Sai ya ce, "Ya yi daɗi?"

Na ce me?

"Tumatirin. Ya yi daɗi?"

Na ce mu shida muka ci, har ƙanzo aka kankare, wani ya ce bai taɓa cin irinsa ba.

Ya gyaɗa kai, idonsa ya cika. "Da ta ji daɗi. Kullum faɗan da take yi mini ke nan, ka ci, ka ba mutane, ba don ado na yi ba." Ya share fuska da bayan hannu, sai ya haɗe yatsun nan ya kaɗa mini su a gaban hanci. "Amma shinkafa, Abibo? A kan shinkafa ka zuba?"

Na tashi na ɗauko ƙullin yajin Inna, duk abin da ya rage, na ce shi ma hannun uwa ne. Ya kwance ya shinshina, ya yi atishawa uku a jere, ya ɗaure ya sa a aljihun jakar kayan aikinsa. Ya miƙo mini kwalbar, a wanke, takardar tana nan a jiki. Ya ce ba ya son ganinta babu komai.

Ran da zai tafi ni da Bulus muka sauko masa da kaya. Ya koma wata unguwa can bayan gari, nesa da shagunan da yake yi wa gyara. Ya turo mini saƙo sau biyu, na farko hoton taliya ce da jan yaji a kai. Daga baya lambar ta daina shiga. Bulus ya ji an ce ya bar ƙasar. Ni na ƙara shekara ɗaya a ɗakin da na ƙi bari, har takardata ta ƙare na tattara na dawo.

Da na kwance kaya a Zariya, Inna ta ga kwalbar ta tambaya. Wannan karon na ba ta labarin duka, har da wuƙa, har da maganar Anti. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta shafa rubutun da ba ta iya karantawa. Bayan kwana biyu ta daka yaji ta cika ta, ta ɗora a saman kantar ɗakina.

"Na baƙon nan ne," ta ce. "In Allah ya haɗa ku."

Duk shekara takan juye tsohon ta zuba sabo. Jiya matata tana girki yaji ya ƙare mata, ta shigo ta miƙa hannu sama. Na ji bakina ya ce, "A'a, ban da wannan."